Play, waya ko Switch: wanne ya dace da kuɗinka a Yamai?

Ranar da sakamakon jarrabawar birebe ya fito, yayata ta kira ni daga Talaje, murya cike da murna. Ɗanta ya ci, kuma tun farkon shekara ta yi masa alkawarin in ya ci za ta saya masa "abin wasan nan". Sai dai ba ta san wanne ba. Yaron yana cewa Play 5 (wato PlayStation 5 ta kamfanin Sony) ko ba komai, mijinta yana cewa waya ta ishe shi, wata maƙwabciya kuma ta nuna mata wata ƴar na'ura mai hannu ja da hannu shuɗi da aka kawo wa ɗanta daga Faransa. "Auta," in ji ta, "kai ne ka ƙarar da ƙuruciyarka a ɗakin wasa, yau ga ranar amfaninka." A cikin makon nan dai wani abokina na fada a Bukoki ya tare ni da tambaya mai kama da wannan: ya tara ƴan kuɗi, yana son ya kama shago ya zuba tele biyu ko uku da Play, samari su riƙa biya suna buga ƙwallo. Me zai saya, kuma abin zai ɗore ko wayoyi sun riga sun kashe kasuwar?

Tambaya ɗaya ce a riguna biyu, don haka na ce bari in rubuta amsar a wuri guda.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya sun daɗe da raba masu wasa gida biyu. Akwai wanda zan kira ɗan taɓa-ka-lashe. Yana jiran shayi ya nuna, ko yana tsaye a layin banki, sai ya zaro waya ya jera alewar Candy Crush na minti biyar, ko ya jefa lido a Ludo King. In an kira shi ya ajiye, bai ji komai ba. Akwai kuma ɗan ga-ni-kashe-ni: ya san kowace bindiga da nisan harbinta, yana kwana a kan wasa guda, yana kallon bidiyon gwanaye don ya saci dabara, ranar da ya sha kashi kuwa ko tuwo ba ya shiga. Tazarar da ke tsakaninsu kamar ta mai buga dara a ƙofar gida bayan la'asar ce da ɗan kokawar da ke shirin neman takobi.

A lissafin kamfanonin, na farko mutumin waya ne, na biyu shi ke sayen na'ura ta musamman ya haɗa da tele. Nintendo ta taɓa jawo ƴan taɓa-ka-lashe zuwa gaban tele a 2006 da na'urarta Wii, wadda ake kaɗa hannunta kamar ana buga tanis. Kakanni da jikoki suka rungume ta, aka sayar da sama da miliyan 100. Da wayoyin shafa suka bazu, mutanen nan suka koma aljihunsu, har magajiyarta Wii U ta 2012 ba ta kai miliyan 14 ba. Daga nan masu sharhi suka fara yi wa na'urar wasa sallar gawa tun tana numfashi. Ba ta mutu ba. PlayStation 4 ta fito a 2013 ta haura miliyan 117, Switch ta fito a 2017 ta wuce miliyan 150. Amma wayar ma ba ta tsaya jira ba, don yanzu kusan rabin kuɗin da duniya ke kashewa a wasannin bidiyo ta waya yake shiga. Lokacin da Microsoft ta kammala sayen Activision Blizzard a 2023 kan kusan dala biliyan 69 (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba), cikin kayan da ta kwasa har da kamfanin King, mai Candy Crush ɗin nan da ake raina wa.

To, duk wannan rabo na can ne. Zauna a kowace fada ta Yamai bayan isha'i ka duba da idonka. Wanda ya fi kowa zafi a wasa, wanda ya duƙufa ya toshe kunnuwa yana ihun "ku rufe ni, ku rufe ni", ba Play ke gabansa ba. Tecno ce ko Infinix a hannunsa, gilashin ya tsage ta gefe, yana buga Free Fire da yatsu huɗu. Kamfanin Garena na Singafo ya fito da wasan a 2017, kuma da gangan aka gina shi don ƙananan wayoyi: mutum 50 a tsibiri, wajen minti goma an gama. Gasar duniyarsa ta 2021 a Singafo ta tara masu kallo sama da miliyan 5 a lokaci guda. Wanda ya kira wannan yaro ɗan rage lokaci bai taɓa ƙoƙarin aikensa shago yana tsakiyar wasa ba.

Play kuma fa? A nan ita ce abin taro. Mutum biyu riƙe da manet, goma a bayansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, wanda aka ci ya tashi ya ba na layi. Yawancinsu wasa ɗaya suka sani, ƙwallo, kuma har yau FIFA suke kiran sa ko da yake tun 2023 sunan ya koma EA Sports FC, kamar yadda wasu ke cewa PES alhali Konami ta mai da shi eFootball tun 2021. A ma'aunin Turawa waɗannan ne ƴan taɓa-ka-lashe, ga su kuma a kan na'urar da aka ce ta mayun wasa ce. Shi ya sa na ce wa Yaya ta manta da maganar wane ne gwani. Abin da za a duba shi ne da wa yaron zai yi wasa, a wane ɗaki, da wace wuta, kuma wa zai riƙa biyan forfe, wato kuɗin intanet.

Mu fara da wutar, don ita ce alƙali. Play 5 tana cin wajen wat 200 in ana tsakiyar wasa mai nauyi, ban da tele. Play 4 siririya ba ta kai wat 100 ba. Switch ko an ɗora ta a kan tele ba ta kai wat 20 ba. Batirin waya mai 5000 mAh kuwa duk abin da yake ɗauka bai cika wat-awa 20 ba, ke nan awa ɗaya a kan Play 5 ya kusa cajin waya sau goma. Ga mai ƙaramar sola da batiri guda a gida, wannan lissafi kaɗai ya yanke hukunci. Kowa kuma ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kaso mafi tsoka na wutarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni a haka sai a 2024 aka maido. A watannin nan masu waya sun ci gaba da wasansu da ɗan batirin ajiya, masu Play suka lulluɓe ta da zane. Ɗaukewar ma da sauƙi a kan dawowar. Tawa Play ta farko da rana tsaka ta tafi: wuta ta dawo da ƙarfi, na ji ƙauri, shi ke nan. Duk mai sayen na'urar tele ya sa kuɗin regilatar, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, cikin farashin tun daga farko, kamar yadda mai sayen babur ke sa kuɗin takardu.

Sai zafi da ƙura, abin da mai shago ba zai taɓa ɗaga maka ba. Takardar da Sony ke sakawa cikin kwali ta ce a yi amfani da na'urar a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 zuwa 35. A watan Afrilu da Mayu, inuwar Yamai kanta tana wuce 40, balle ɗaki mai rufin kwano da samari goma sha biyar a ciki. Na'urar ba za ta fashe nan take ba. Fankarta ce za ta yi ta kuka kamar jirgi zai tashi daga filin Diori Hamani, wata rana ta kashe kanta ana tsakiyar bugun fanareti. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta toshe hanyar iska. Maganin ba mai tsada ba ne: a ɗaga ta daga ƙasa, kada a cusa ta cikin kabat, a rufe ta in ba a wasa, a kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share kafin bazara ta shigo. Waya ma tana jin zafi, kuma yin wasa tana kan caji yana iya kumbura batiri, amma canza batirin waya abu ne da ake yi a kowace kwana ta Babbar Kasuwa.

Waya ke nan ta ci zagaye biyu. Ƙara da cewa ita ce cikin kayan nan ta fi yawan aiki bayan wasa: kira, WhatsApp, karɓar kuɗi, neman darasi. Wasanninta mafi farin jini kyauta ake sauke su, Free Fire, PUBG Mobile na 2018, Call of Duty Mobile na 2019, eFootball. In don wasa za a saya, abin dubawa uku ne: RAM, wato wurin da waya ke riƙe aikin da take kai, kada ya gaza giga 4, in da hali 6 ko 8, ma'ajiya giga 128, sai ƙarfin injin da ke ciki. A kula da wata dabara ta talla, inda za ka ga an rubuta 4+4 a kwali. Huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiya, ba shi da saurin na asali. Yawan kamara a bayan waya kuwa ba ya ƙara wa wasa komai.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasan kyauta da lu'ulu'un cikin wasa da ake saya da kuɗi yake cin abinci: kaya na musamman, sabuwar riga, akwatin sa'a da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. An tsara shi ne yadda za ka dawo kullum, kyautar yau daban, ta gobe daban, in ka tsallake rana ka yi asara. Ɗan taɓa-ka-lashe ba ya shiga wannan tarko, yana iya shekara bai kashe ko dala ba. Ɗan ga-ni-kashe-ni shi ne abincinsu. Jaka ɗaya yau, jaka biyu ranar Juma'a, ba wanda ke rubutawa, kuma kuɗin sun tafi ba abin da za a sayar a mayar. Akwai kuma abin da ya fi damun uwa: Play tana falo, kowa yana ganin lokacin da aka kunna ta da lokacin da aka kashe. Waya tana bin yaro har ƙarƙashin gidan sauro da ƙarfe biyun dare. Da na faɗa wa Yaya wannan sai ta yi shiru, na san maganar ta shiga.

Yanzu ga inda na fi son in daɗe, Play 4 da Play 5, don nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi.

Play 5 ta fito a Nuwamba 2020 kan yuro 500 mai cin faifai, 400 marar faifai. A 2022 mai faifan ta hau 550. Tun da sefa ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro, wannan jaka 360 ke nan da ɗoriya a shagon Faransa, kafin kuɗin jirgi, duwan da ribar ɗan kasuwa. Sabon wasa babba yana kai yuro 80, sama da jaka 52, wasa guda. Play 5 Pro kuwa ta fito a 2024 kan yuro 800, wajen jaka 525, kuma ba ta zuwa da wurin faifai sai ka saya daban. Me kake samu? Hoto mai kyau ƙwarai in telenka 4K ce, wasa yana buɗewa cikin ƴan daƙiƙu, tana karɓar kusan duk wasannin Play 4, kuma manyan wasanni masu zuwa nata ne. GTA VI, wanda samari ke ta jira, an sanar da shi ne don Play 5 da Xbox Series, ba zai sauka a Play 4 ba. In telen gidan ƴar inci 32 ce ta da, rabin abin da ka biya ba za ka gan shi da ido ba. Kuma manet ɗin Play 4 ba ya aiki da wasannin Play 5, sai an sayi nata, wajen yuro 70 kowane. Mai ɗakin wasa ya san manet shi ne abin da ya fi mutuwa, don hannun da aka ci uku da nema ba ya tausayi.

Play 4 ta tsufa, shekararta goma sha biyu da wani abu, amma ga abin da ya sa har yanzu nake nuna ta. Ƙwallo ya ci gaba da fitowa a kanta, har FC 26 na 2025. Ta yi yawa a duniya, don haka ta hannu ba ta wuyar samu, kayan gyaranta suna nan, masu gyaran sun san cikinta kamar yunwar cikinsu. Faifanta ana aro, ana musaya, ana sayarwa in an gaji. Wutarta kaɗan ce. Wasanninta na labari, irin su God of War da Spider-Man na 2018 da GTA V, sun isa su riƙe ɗan ga-ni-kashe-ni shekara biyu ba tare da ya taɓa intanet ba. Rauninta shi ne rana tana faɗuwa a kanta: sabbin manyan wasanni sun daina zuwa, wata shekara ƙwallon ma zai tsaya. Wanda ya saye ta yau ya saye ta ne da sanin haka, kamar mai sayen tsohuwar Toyota.

A kasuwa za a tambaye ka: kana son ta asali ko kirake? Kirake ita ce wadda aka fasa tsarinta aka loda mata wasanni da yawa ba tare da an biya masu su ba. Arha ce ke jan mutane, amma a san abin da aka saya. Ba ta shiga wasan intanet da sauran jama'a, kuma ranar da wani yaro ya danna sabunta tsari, fashin ya tafi, wasannin sun kulle. Ta asalin ma tana da nata ciwon kai. Shagon PlayStation na intanet ba shi da Nijar a jerin ƙasashensa, shi ya sa mutane ke buɗe asusu da sunan Faransa su riƙa sayen kati na yuro. Kuma buga FC da wani ta intanet sai da kuɗin wata na PlayStation Plus, in ban da wasannin kyauta irin su eFootball da Fortnite da ba sa buƙatarsa.

Maganar forfe a nan take ciwo. Buga wasa ta intanet ba ya cin mega da yawa, saukewa da sabuntawa su ne kura. Babban wasa guda yana kai giga 50, wasu sun haura 100, kuma ko da faifai ka saya, sau da yawa za a ce sai ka sauke gyara na giga masu yawa. Wanda ba shi da intanet na gida marar iyaka kada ya kusanci na'ura marar faifai, ko Play 5 ce ko Xbox Series S, komai arharta. Ita Xbox ma gaba ɗaya ban cika ba da shawararta a nan ba. Na'ura ce mai kyau, amma ƙarfinta yana cikin Game Pass, tsarin biyan wata da sauke wasanni, ga shi kuma abokan musayar faifai da masu gyara duk na Play ne.

Switch, ƴar ja da shuɗin da Yaya ta gani, ita ce wadda aka fi raina wa kuma ta fi dacewa da gidan da wuta ke wasan ɓuya. Tana da allonta da batirinta, awa huɗu da rabi zuwa tara a ƙirar 2019 zuwa sama. In an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa a tele, sai a zare ta a ci gaba a hannu. Hannayenta biyu suna cirewa, yara biyu su yi tseren Mario Kart nan take. Ga gida mai ƙananan yara, maza da mata, ban ga kamarta ba. Sai dai wasannin Nintendo ba sa saurin faɗuwa a farashi, ba su da yawa a kasuwarmu, ƙwallonta bai kai na Play kyau ba, kuma saurayi ɗan shekara goma sha shida zai ce an saya masa abin yara. Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 kan dalar Amurka 450, ta sayar da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu, amma wannan farashi ya fitar da ita daga sahun masu arha.

Tambayar abokina ta fada ita ce ta gobe: shin na'urar nan za ta ɗore? Ni a ganina za ta ɗore, amma tana tafiya ne zuwa inda ba mu. Dubi farashi. A da, in ka yi haƙuri na'ura takan sauko ta same ka. Play 2, wadda muka girma da ita kuma ta sayar da sama da miliyan 160, ta fara da dala 299 a Amurka a 2000, ta sauko 99 a 2009. Play 4 ta fara da 399, bayan shekara uku ta koma 299. Play 5 kuwa shekara biyar bayan fitowarta hawa ta yi, a Agusta 2025 aka ƙara mata dala 50 a Amurka. Dubi faifai. Ana janye shi sannu a hankali: Pro ba ta da shi, wasu katunan Switch 2 ba wasa a cikinsu sai mabuɗin saukewa. Wanda ya sauke wasa ba ya iya ara wa maƙwabci ko ya kai kasuwa. Har wanda ya riƙe faifai bai tsira ba in wasan ya dogara da intanet: a 2024 Ubisoft ta kashe na'urorin da ke ɗauke da wasan tseren mota The Crew, faifan da mutane suka saya da kuɗinsu ya zama marfin kofi.

Katangar da ke tsakanin kamfanonin ma tana rushewa. Sony ta kai God of War da Spider-Man kan kwamfuta a 2022. Microsoft ta fara kai wasanninta kan Play a 2024, har Forza Horizon 5 a 2025, abin da a da ko a mafarki ba a zata ba. Ma'anarsa, akwatin da ke ƙarƙashin tele yana rage daraja a idonsu, asusunka da biyan watanka su ne abin nema. Ƙarshen wannan hanya shi ne wasa daga nesa, inda wasan ke gudana a wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, kai hoto kawai ake turo maka. Google ta gwada da Stadia a 2019, ta rufe a Janairu 2023. Wasu suna ci gaba, amma yi lissafi: GeForce Now na Nvidia yana neman aƙalla megabit 15 a daƙiƙa don hoto matsakaici, wato kusan giga 7 a awa guda. Ga nisa kuma. Nijar ba ta da teku, igiyar intanet ɗinmu sai ta ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ta kai gaɓa, sannan ta nufi Turai inda kwamfutocin suke. Ka danna harbi, kafin saƙon ya je ya dawo an riga an kwashe ƙwallon. Starlink ta fara aiki a ƙasar nan a 2025, ta kuma sauƙaƙa wa masu hali sauke manyan wasanni, amma kuɗin kayanta da na wata wani nauyi ne daban.

Wannan duka, in ka juya shi, labari ne mai daɗi ga abokina. Duk lokacin da na'ura ta ƙara tsada, masu iya ajiye ta a gida suna raguwa, masu zuwa su biya dala ashirin su buga wasa guda suna ƙaruwa. Waya ba ta kashe ɗakin wasa ba don abin da ake saya a can ba ya cikin waya: babban allo, manet a hannu, da idon jama'a lokacin da ka zura wa abokinka na huɗu. Na ce masa ya fara da Play 4 biyu ko uku masu faifai, manet na ajiya, regilatar ga kowace, fanka mai ƙarfi, da sola ko ƙaramin grup in kuɗi sun kai. Play 5 guda ɗaya ta biyo baya in kasuwa ta buɗe, a sa mata farashinta daban, don akwai masu biya saboda a ce a kanta suka buga. Na kuma ce ya kafa doka tun ranar farko, ba ɗan makaranta da kayan makaranta a lokacin aji, kuma a kashe tele in an kira salla, in yana son zaman lafiya da iyayen unguwa.

Wanda wasansa na jiran shayi ne, kada ya sayi komai, wayar da ke hannunsa ta isa. Wanda Free Fire ko PUBG ne rayuwarsa, kuma abokan tawagarsa duk a waya suke, Play ba za ta ƙara masa komai ba, ya sa kuɗin a waya mai RAM na gaske da abin kunne mai kyau. Play 5 ta mutum ɗaya ce: mai tele 4K, wuta tsayayya ko sola babba, intanet na gida, da aljihun da zai ɗauki wasan jaka hamsin ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba. Shi ma ya ɗauki mai faifai.

Yaya kuwa Play 4 siririya muka saya, ta hannu, ta asali. Na tafi da yaron don ya koyi yadda ake duba kaya, kada a yi sayen kifi a ruwa. Muka sa mai shago ya kunna ta ya bar wasa yana gudana rabin awa muna sauraron fanka. Muka saka faifai muka fitar sau uku. Muka duba bayanta ko an taɓa ɓalle tambarin da ke kan kusoshi, muka girgiza wayar tele a raminta mu ga ko hoto zai ɗauke. Muka ajiye manet a kan tebur ba mai taɓa shi, mu ga ko ɗan wasan zai yi tafiya da kansa, alamar sandar ta lalace ke nan, kuma ɗaya daga cikin biyun ya yi, aka canza mana. Yaron dai fuska a ɗaure tun daga Talaje har kasuwa, yana ta "Kawu, abokaina fa duk 5 suke magana." Na tambaye shi cikinsu wa ke da ita a gida. Ya yi tunani, ya ce akwai wani a Plato, amma shi ma ta yayansa ce, ba a bari a taɓa. An ajiye tamu a falo kusa da inda babansa ke zama, manet biyun kuma suna kwana a ɗakin Yaya daga daren Lahadi zuwa yammacin Juma'a.